Abin da Ba a Kiran Sunansa

Kwana tara ke nan jirgin fito bai zo daga Lerwick ba.
A kantin gari saura ashana da gwangwanin wake,
burodi ya ƙare tun Talata,
ba kuwa wanda ya ɗaga murya.
A nan in teku ta ce a zauna, zama ake yi.

Ni 'yar Sarkawa ce, a Yawuri aka yanke mini cibiya.
Aikin jinya ya jefo ni wannan tsibiri na Shetland,
inda ƙasa ta gaji da tafiya, ta farfashe cikin ruwa.
Na zo ina taƙamar na san ruwa.
Ashe kogi na sani, mai gaɓa biyu,
ka yi kira daga nan a amsa maka daga can.
Wannan gaɓa ɗaya gare ta. Ɗayar sai Allah.

Bishiya ko ta rantsuwa babu.
Iska ta hana komai tsawo, sai hasumiyar fitila.
Tumaki kan gangara bakin gishiri su ci ciyawar teku,
kifi kuwa a kan igiyar shanya yake,
tsakanin safa da zanen gado.

Kullum da hantsi nakan wanke wa tsoho Lowrie gyambon ƙafa.
Shekara hamsin da ɗaya ya yi yana jan taru,
yatsunsa sun lanƙwashe, sun ƙi yarda aikin ya ƙare.
Shi ya ce mini a kan ruwa ba a kiran abu da sunansa:
limamin coci ya zama mai baƙar riga,
kyanwa ta zama mai sanɗa,
wuƙa ma da nata sunan na fita,
don kada teku ta ji abin da ka baro a gida.
Na yi dariya har auduga ta suɓuce mini.
Na ce, Baba, ai wannan alkunya ce!
Innata har ta koma ga Mahalicci
ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba.
Ya ce tsoro ne. Na ce kunya ce.
Muka bar ta a nan, na ɗaure ƙafar.

Matarsa Osla ba ta sa mana baki.
Tsinkayen saƙa na ƙas-ƙas a cinyarta,
idonta na kan taga, hannunta ya san hanya.
In rediyo ya soma lissafin iska da igiyar ruwa
gidan kan yi tsit kamar an hau mumbari.
Akwai hoton wani saurayi a kan kabad,
da hular ulu, yana kanne ido saboda rana.
Wata bakwai ina shiga gidan nan
ban ji an ce wane ne ba.
Sau ɗaya ta ce, wanda ya fita ran Alhamis.
Ban tambayi wace Alhamis ba.

Daren jiya ta ba ni busasshen kifi, tauri kamar allo.
Na jiƙa shi, na buɗe ƙullin daddawata ta ƙarshe,
na zuba barkonon da na yi ta tattali tun bara.
Lowrie ya kai loma uku, hawaye suka zubo.
Ya ce yajin ne.
Osla ta ce, ƙwarai, yajin ne,
ta miƙo kwano a ƙara mata.

Yau da asuba iska ta kwanta.
Yaran makaranta, su ukun duka, sun ruga bakin gaɓa
suna ihun ga jirgi, ga jirgi.
Ya kawo fulawa, da iskar gas, da maganin hawan jini,
da wata takarda mai sunana daga ofishin lafiya.
Na karanta a tsaye, gishiri na dukan fuskata,
na ninke ta huɗu na tura aljihu.

Da na shiga, Lowrie ya riga ya miƙe ƙafa a kan kujera.
Ya dubi aljihun, ya dube ni.
Me aka kawo miki?
Na ce, mai fuka-fuki ce, Baba.
Ya gyaɗa kai, bai ƙara ba.
Osla ta ajiye saƙa, ta ɗora ruwan zafi.